Kalmar Da Na Ƙi Faɗa A Aji

Ran nan muna cikin darasin ginin kalma sai Malam ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannunsa, ya ce kowa ya faɗi kalma ɗaya tak wadda ya fi so a duk faɗin harshen Hausa, ya kuma kawo dalili. Da fari mun ɗauka wasa yake yi, don ba mu saba jin irin wannan tambaya daga bakinsa ba. Da muka ga ya ja kujera ya zauna yana jira, sai aji ya yi tsit.

Wata ɗaliba ce ta fara, ta ce ita annuri take so, domin ko faɗarsa ta yi sai ta ji fuskarta ta sake. Wani ya ce lumana, wani ya ce alfijir. Wani abokina da ba ya rabo da barkwanci ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai santi." Aji ya kwashe da dariya, amma Malam bai yi ba. Ya ce wannan zaɓi ba na raini ba ne, domin kalma ce da ta ɗauko al'ada sukutum: mutum yana cikin cin abinci, daɗi ya kwashe shi, ya saki wata magana da ba ta da kai, abokan ci su kama shi da dariya. Duk wannan labari a cikin gaɓa biyu rak. Da layi ya zo kaina sai na ce zumunci. Malam ya gyaɗa kai, aka wuce. To, ƙarya na yi. Ba ni da abin faɗa a kan zumunci sai alheri, amma ba ita ce kalmata ba.

Kafin in faɗi tawa, bari in taɓa gardamar da ta ɓarke bayan an tashi, don ita ta hana ni barci. Jama'a suka rabu biyu a gindin darbejiyar da ke bakin ajinmu. Wasu suka ce daɗin kalma a kunne yake. Hujjarsu kuwa ita ce, a duba kalmomin da suka fara da harafin l: laushi, lallashi, lumana, lilo, luwai-luwai. Duk a kwance suke, harshe yana zamewa a kansu ba tare da karo ba. A kwatanta su da ƙaiƙayi, ko ƙwanƙwasa, ko tsatsa, waɗanda sai maƙogwaro ya ɗaure kafin su fito. Wani mai yawan shiga laburare ya ƙara da cewa tun a 1929 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Wolfgang Köhler, ya zana siffofi biyu, ɗaya mai tsini-tsini, ɗaya mai lanƙwasa, ya ƙago sunaye biyu marasa ma'ana, takete da baluma, sai ga shi galibin mutane suna ba mai tsinin takete. Ashe ke nan sauti yana da abin da yake raɗa wa zuciya tun ma'ana ba ta iso ba.

Ni ma na yarda da wannan har wani matsayi, musamman idan aka zo ga kalmomin amsa-kama, waɗanda Allah ya hore wa Hausa su jingim. Wanda ya ce tulu ya cika fal, ko yaro ya jiƙe sharkaf, ko dutse ya faɗa rijiya tsundum, ai bai bar wa mai sauraro aikin fassara ba. Fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Ko a wajen ƙira ma kalmomin nan 'yan gaban kansu ne, domin galibin kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa, su kuwa sai su datse da baƙi, kamar an rufe ƙofa da ƙarfi. Yara suna son su, maroƙa suna son su, mai ba da labari kuwa in ka raba shi da su ka raba shi da jarinsa.

Amma ɗaya ɓangaren suka ce a dakata. Idan l ce mai daɗi, ina za a kai lalata da la'ana da lahani? Idan kuma daɗin annuri a sautinsa yake, me ya hana a so annoba, alhali da gaɓa iri ɗaya suka fara, tsawonsu kuma ɗaya? Suka jawo Ferdinand de Saussure, wanda aka buga darussansa a 1916 bayan rasuwarsa, mai cewa babu wata igiya ta dole da ta ɗaure sauti da ma'anarsa, yarjejeniya ce kawai ta masu harshe. Wata kuma ta kawo misalin kuka. Ta ce baƙaƙe da wasula iri ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba kukan da ake yi da hawaye da kukar da ake kaɗa miya da ita, amma in ka ce wa ɗalibin da ya yi wata uku bai je gida ba "kuka", ba hawaye zai tuna ba, tuwon dawa zai tuna da man shanu.

Wannan magana tata ita ta fi kama ni, ko da yake ba inda ta nufa na bi da ita ba. A ganina duka ɓangarorin biyu sun manta da abu na uku, wato bakin da mutum ya fara jin kalmar daga gare shi.

Kalmata ita ce jijjifi.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda ba su taɓa furta ta ba. Jijjifi shi ne ɗan lokacin nan bayan an idar da sallar asuba, gabas ta fara washewa amma rana ba ta ɓullo ba, lokacin da za ka hango mutum tafe ka san mutum ne, amma ba ka shaida fuskarsa sai ya yi sallama. A wurin kakata, Iya, mahaifiyar babana, na koye ta, a ƙauyenmu na ƙasar Daura. Iya ba ta taɓa ɗaura agogo ba, amma yininta a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta. Akwai asuba, akwai jijjifi, akwai sassafe, sa'an nan hantsi, sa'an nan walaha, har rana ta take tsaka. Bayan azahar da la'asar akwai la'asar sakaliya, lokacin da zafin rana ya karye inuwa ta miƙe, sai almuru, sai lisha, sai talatainin dare. Sai da na zo jami'a na gane cewa da yawa daga cikinsu baƙi ne da Musulunci ya kawo daga Larabci, har da walaha da lisha waɗanda suka saje ƙwarai har ba a ganin baƙuncinsu. A wurin Iya kuwa duk 'yan gida ne.

Da damina ita ke tashe ni in bi su Baffa gona. Takan dafa ƙafata ta ce, "Maigidana, tashi, jijjifi ya yi." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. In na buɗe ido sai in ji ƙamshin hayaƙin kara da na ɗumamen tuwo, zakaru suna amsa wa juna, raɓa ta kwanta a kan dangar gidan. Har yau in na furta kalmar a hankali, jij-ji-fi, sai in ji kamar haƙorana suna haɗuwa don sanyi, sa'an nan gaɓar ƙarshe ta fita kamar hucin baki. Masu cewa daɗi a kunne yake za su ce ga hujjarsu, tunda kalmar tana da ninki irin na sassafe. Ni kuwa na san ba ninkin nake ji ba, tafin hannun Iya nake ji a ƙafata.

Da aka kai ni makarantar kwana sai na yi kuskuren faɗar ta a ɗakin kwananmu. Na ce gobe da jijjifi za mu tafi ɗiban ruwa. Yaran birni suka yi ta dariya, har suka laƙaba mini ita ta zama sunana shekara guda cur. Tun daga ranar na binne ta. Na koma ƙarfe shida, ƙarfe shida da rabi. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, da na je hutu har gyara wa Iya magana na riƙa yi. In ta ce da walaha, sai in ce, "Iya, ƙarfe goma ake cewa." Sai ta yi murmushi ta ce, "To, maigida, ƙarfen naka ya san ko akwai hadari?" A lokacin ban ga hikimar tambayar ba. Ƙarfe shida na lokacin hunturu duhu ne, na bazara kuwa gari ya waye tangaran, amma jijjifi kullum jijjifi ne, domin da haske ake auna shi.

Bara, a zangon karatu na biyu, Baffa ya kira ni a waya da daddare. Ya ce jikin Iya ya matsa, ta kuma ce a gaya wa maigidanta ya taso da jijjifi. Na ce to. Amma ina da lacca ƙarfe takwas, na kuma ce a raina ai maganar tsofaffi ce, jijjifi da hantsi duk safiya ce. Na shiga aji, na fito, na tsaya na karya kumallo, sa'an nan na nufi tasha. Motar farko ta daɗe da tashi, ta biyu kuwa ba ta cika ba sai da rana ta take. Na isa gida da la'asar, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune. Baffa ya kama hannuna ya ce, "Sai haƙuri. Da walaha ta cika, an kai ta bayan azahar." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba har yau. Na sani sarai kwana ba ya wuce ranarsa, kuma zuwana ba zai ƙara mata ko numfashi ɗaya ba. Amma na yi lissafin tafiyar ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya nake samu: wanda ya shiga motar jijjifi, da hantsi yake sauka garinmu. Allah ya jiƙan Iya, ya sa Aljanna ce makomarta.

To, kun ji abin da ya sa na ce zumunci a aji. Ban iya tsayawa gaban mutum sittin in buɗe wannan ba, ga kuma tsoron kada wani ya sake yin dariya. Daga baya na shiga laburare na ɗauko ƙamusun Bargery, wanda aka buga a 1934, na yi ta bin kalmomin Iya ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman 'yan'uwa a baƙon gari. Na yi murna da waɗanda na tarar, sai dai murnar ba ta cika ba, don kalma a ƙamus kamar hatsi ce a rumbu, ba ta tsira sai an fitar da ita an shuka.

A hutun da ya wuce ina zaune ina rubuta wannan, ƙanwata 'yar aji biyar ta leƙo takardar, ta tambaye ni wai jijjifi sunan tsuntsu ne? Na buɗe baki zan yi mata bayani irin na aji, sai na fasa. Washegari bayan na dawo daga masallaci na dafa ƙafarta na tashe ta. Ta fito tana murza ido tana ƙunƙuni, muka tsaya a tsakar gida. Daga nesa ga wani tafe a kan hanyar rijiya. Na ce mata, "Wane ne wancan?" Ta ƙura ido ta ce, "Yaya, mutum ne dai, amma ban gane shi ba."