Waƙoƙin da sunka dawo babu suna

Yau da wuya a samu gari ko ruga da babu salula ko ƙaramar radiyo mai cin kati. Katin nan da ake ce ma kart memwar bai fi girman farce ba, amma cikinshi ya fi rumbu ɗauka. Waƙa ta minti 1 tana cin wajen mega 1. Kati mai jiga 8 shina ɗaukar sama da awa 100 na kiɗa. Da can sai mutum ya tara kaset cike da kwali kafin shi kai haka. Shi ya sa kowa ya saki kaset ya kama kati. Sai dai kaset in ya tsinke ana liƙe shi da ɗan salatif a ci gaba da saurare. Kati kuwa in ya ɓaci, rana ɗaya ake rasa kome.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye cikin ƙasar Tasawa. Ina da kati guda da na yi shekara 6 ina tara waƙoƙi a ciki. Akwai na Mamman Shata, da Ɗan Maraya Jos, da Barmani Coge, da Ɗan Gurmu na Tawa, da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Waɗannan ko sun ɓace ana iya komawa kasuwa wurin masu ɗura waƙa a sake saye. Waɗanda ba a saye su ne waɗanda na ɗauka da salulata cikin garinmu. Akwai kiɗin gayya na wani tsohon makaɗin noma da ya rasu a 2021. Akwai waƙoƙin niƙa da na daɓe da wata tsohuwa ta yi mini, ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Ƴanmatan yanzu ba su san waƙoƙin nan ba, don injin niƙa ya kashe dutse, siminti ya kashe daɓe.

A daminar 2023 katin ya tsaya. Radiyo ta ƙi karanta shi. Wani yaro a shagon cajin waya ya sa shi cikin wata salula don shi gwada, salular ta yi tambaya da Faransanci, ya danna. Ashe tambayar ita ce ko a formate katin, wato a share shi. Da anka maido mini shi, babu kome ciki, wayam.

To ga abin da nike so kowa shi riƙe, don mutane da yawa nan suke yin hasara ta biyu. Sharewar da salula take yi, sau da yawa ba waƙoƙin take sharewa ba. Ku ɗauki misalin magazan na bankin hatsi. Buhuhuwa suna jibge a ciki, kuma akwai kaye inda magatakarda yake rubuta sunan mai kowane buhu da wurin da anka aje shi. Kati ma haka yake. Shina da wurin ajiya, shina da kayenshi. In an formate shi, kayen ne aka yage. Buhuhuwan suna nan, amma salula ba ta san da su ba, tana ganin magazan ɗin fanko ne. Duk sabuwar waƙa ko hoto da ka zuba bayan haka, bisa tsohuwar ajiya za ta hau ta murƙushe ta. Wadda anka hau kanta ta tafi ke nan, babu gwanin da za shi maido ta. Saboda haka in katinka ya share, cire shi nan take, ka naɗe shi cikin takarda, kada ka bari a ɗura mishi ko da waƙa guda.

Haka na yi. Na aje shi har bayan girbi, sannan na shiga mota zuwa Maraɗi wurin wani mai gyaran kwamfuta. Ya sa katin cikin na'urarshi, ya buɗe wata manhaja da ake kira PhotoRec. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙiro ta, kuma kyauta ake ɗaukar ta a intanet. Ita ba ruwanta da kaye. Tana bin magazan ne lungu lungu, duk inda ta ga alamar farkon waƙa ko hoto sai ta kwaso shi. Mai gyaran ya zuba abin da ta kwaso cikin kwamfutarshi, bai maida shi cikin katin ba, don dalilin da na faɗa muku. Aikin ya ci kusan wuni.

Waƙoƙi sun dawo, fiye da 900. Amma ko ɗaya ba ta dawo da sunanta ba, tun da sunayen cikin kayen da anka yage suke. Kowace sai harafin f da jerin lambobi, kamar f0048216. An tara su ɗari biyar biyar cikin dosiye, Shata a gefen wa'azi, wa'azi a gefen waƙar Indiya. Kamar makiyayi ne ya samu garkenshi da ya ɓace, gauraye da na mutane goma, kuma babu shaida a kunnen ko ɗaya.

Mai gyaran ya ce mini: «Malam, kada ka damu tukuna, wasunsu suna da takarda a ciki.» Abin da yake nufi shi ne, waƙa irin ta mp3 tana iya ɗaukar ɗan rubutu cikin jikinta: sunan mawaƙi, sunan waƙa, da shekara. Ana kiran shi ID3. Kamar mai buhu ne ya jefa takarda mai sunanshi cikin gero kafin shi ɗinke baki. Kaye ya yage, amma takardar ciki tana nan. Da wata manhaja mai suna Mp3tag ya karanta takardun nan, ya maida su sunayen waƙoƙin, duka a lokaci guda. Wajen kashi 1 cikin 3 sun samu suna ta wannan hanya.

Sauran fa? Wasu babu takarda ko kaɗan. Wasu kuma, abin takaici, masu ɗura waƙa sun goge sunan mawaƙi sun rubuta sunan shagonsu da lambar wayarsu. Wannan ɗabi'a ba ta da kyau. Mutum ya yi shekara 40 shina waƙa, kai da ka kwafe ta cikin minti 1 ka ɗora sunanka bisa tashi. Akwai kuma manhajoji masu sauraren waƙa su gane ta da kansu, irin su Shazam. Mun gwada. Waƙoƙin Indiya da na Turai nan da nan ta faɗi sunansu. Da munka sa mata gangar noma ta garinmu, sai ta yi shiru. Ba ta iya gane abin da ba a taɓa rubuta mata ba.

Nan ne aikin ya komo hannunmu. Na dawo gida da waƙoƙin cikin sabon kati, na kai su makaranta. Ɗalibaina magidanta ne 23, da mata 17 masu zuwa da la'asar. Kowace rana bayan darasi sai mu saurari waƙa 10. In na kunna, wanda ya gane ta shi faɗi, sannan wani shi tashi shi rubuta a allo: lambar waƙa, mawaƙi, sunan waƙa. Daga allo kowa shi kwafe cikin kayenshi. Ban taɓa ganin darasin rubutu da ya yi armashi kamar wannan ba. Mutumin da ke gudun allo, in an zo kan waƙar da ya sani tun shina saurayi, shi ne ke fizge alli.

Gardama ma an sha ta. Matasa duk waƙar da sunka ji tsohuwa ce sai su ce ta Shata ce. Wani dattijo cikin ɗalibai ya hana su. Ya ce musu: «Ku saurari kiɗan tukuna, ɗiyana. Shata da kalangu yake waƙa. Wannan kuntigi ne, kuma mutum guda ne ba ƴan amshi, Ɗan Maraya ke nan.» Na ce mishi: «Baba, to zo ka rubuta mana.» Ya ɗauki lokaci wajen ɗ mai ƙugiya, amma ya rubuta. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. In masu sanin muryoyinsu sunka ƙare, kuma ba a rubuta ba, wa za shi rarrabe su?

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Ga Mdou Moctar, mai kiɗan gita daga jihar Tawa. A 2008 ya ɗauki waƙoƙinshi a Sakkwato. Ba kanti ya yaɗa su ba, daga salula zuwa salula sunka yi ta tafiya har ƙasar Mali. Can a Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su cikin waƙoƙin da yake kwafa daga katunan mutane. A 2011 ya fitar da faifai da wasu daga ciki. Da yawansu babu cikakken suna, sai da ya sha wahalar neman masu su kafin shi biya su haƙƙinsu. Da ya gano Mdou Moctar, hanya ta buɗe mishi, ya yi wasa a Turai da Amurka. Da ba a gano mai muryar ba, da waƙar tana yawo shi ko bai samu ko dala ba.

Mun zauna mun tsai da yadda za mu riƙa sa suna, iri ɗaya ga duka. Farko sunan mawaƙi, sannan sunan waƙa. Ga waɗanda munka ɗauka da kanmu, muna ƙara gari da shekara. In waƙa ba ta da suna, kamar na niƙa, sai mu sa aikin da ake yi da ita. In jeri ne, lambar farko 01 muke rubutawa, ba 1 ba, in ba haka ba radiyo tana kawo ta 10 kafin ta 2. Kati ba shi karɓar alamar tambaya ko ɗigo biyu cikin suna. Wani abu kuma da ya ba ni haushi: ƙananan radiyoyinmu ba su san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, sai su nuna ɗan akwati a madadinsu. Dole cikin kati munka rubuta k da d da b. Amma cikin kaye mun sa ma kowane harafi ƙugiyarshi yadda ya kamata. Da na koma Maraɗi, mai gyaran ya zuba sunayen cikin jikin waƙoƙin ma, don ko kati ya sake sharewa su dawo da takardarsu.

Ba duka sunka tsira ba. Waƙar da ke warwatse wuri biyu ko uku cikin kati, guntu-guntu take dawowa. Kiɗin gayya na tsohon makaɗinmu guda 5 ne, 3 sun dawo lafiya, 1 ta yanke a tsakiya, 1 ba mu gan ta ba. Waƙoƙin tsohuwar kuwa sun dawo duka 8. Ranar da munka kunna su a darasin mata, ɗiyarta tana cikin ɗalibai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta gyara mana: biyu daga cikin waɗanda na ɗauka na niƙa ne, ashe na raino ne, da su uwar take lallashin jinjiri. Ita ta rubuta sunayensu a allo.

Aikin ya kai mu wata 3. Yanzu waƙoƙin suna wuri uku: kati guda a radiyon makaranta, guda cikin akwatin mai gari wanda ba a kunnawa, da kwafi a kwamfutar mai gyara a Maraɗi. Kayen sunaye shina hannun sakataren kwamitin makaranta. Akwai waƙa 41 da har yau ba wanda ya gane mai su. Mun tara su cikin dosiye guda, kuma duk baƙon da ya kwana garinmu, in mai shekaru ne, muna kunna mishi biyu ko uku.