Gida shida da ban ƙirga ba

A waya na koyi ches, darar Turawa mai gida 64, har na kai ina cin na'ura a ƙaramin mataki. Abu guda na haddace daga masu koyarwa: kama tsakiya, tura dakarunka gaba, ka matse abokin karawa. Da wannan guntun ilimi na tashi daga Tambuwal zuwa biki a Kebbe. Bayan la'asar na tarar da dattawa suna dara a gindin darbejiya, na ce a ba ni wuri. Babu wanda ya gayyace ni.

Wani tsoho ya share ƙasa da tafin hannu, ya gyara gurabe 30, layi biyar na shida-shida. Shi kara 12, ni tsakuwa 12. Tun da ba a jera uku a lokacin kasawa, sai na riƙa dasa tsakuwata bibbiyu a tsakiya. Duk inda na yi biyu ya soke kara a na ukun, sauran kuma ya watsa su gefe-gefe. Wallahi har tausayinsa na ji.

Da aka gama ya ce, "To ɗana, taka."

Na miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Tsakuwar farko, kara a gabanta, 'yar'uwarta a bayanta. Ta biyu ma haka. A dara gida ɗaya ake matsawa, ba tsallake, ba ratse. 'Ya'ya 24 sun zauna, gida shida kacal ya rage, biyar daga ciki a bakin karansa. Ina ta ƙirga gidajen da na zauna, ashe shi waɗanda babu kowa yake ƙirgawa. A nan na gane ko ches ɗin ban fahimce ta ba. Ana tura dakaru gaba ne don doki da sauran manya su sami wurin juyawa a bayansu. Ni matsewar kawai na riƙe, kuma kaina na matse.

Ba a cewa an yafe taku. Tsakuwa ɗaya ce mai hanya, kuma ita ke tare masa layi. Na ɗaga ta, ya jera uku, ya ɗauke mini ɗa. Can ya sami kara guda da yake kaiwa yana dawowa da shi, kowane taku ci ne.

Da tsakuwata ta koma biyu, wani yaro da ke tsugune tun ɗazu ya ce, "Kawu, matsa in rama maka."