Mai Gyaran Iyakwandishan na Unguwar Tunga

Na shiga Minna ta hanyar Suleja a ƙarshen watan Maris, bayan mun wuce Lambata da Paiko, inda ake jibge doya a bakin titi. Bazarar garin nan ba ta wasa. Da rana zafi yakan kusanci digiri 40, duwatsun da ke kewaye kuma su riƙe shi har bayan isha'i. Tsohon garin jirgin ƙasa ne tun zamanin layin Baro zuwa Kano, ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, jihar da ke tinƙaho da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Duk da haka, abin da ya fi zauna mini a rai a wannan tafiya shi ne aikin wani mai gyaran iyakwandishan.

Da ciwona na je. Shekara biyu da suka wuce na sayi sabon iyakwandishan a Kano, aka haɗo ni da katin garanti na shekara guda. A wata na biyar ya fara hura iska mai ɗumi. Sau uku ana turo mini masu gyara, kowane zuwa sai na yi mako ina kira. Su ɗura gas, su karɓi kuɗin mota, bayan kwana goma a koma gidan jiya. Daga ƙarshe aka ce ai wutar lantarki ce ta lalata shi, garanti kuwa bai shafi wannan ba. Muna cikin jeka-ka-dawo shekarar ta cika.

A gidan yayana na sauka, a Tunga. Dare na biyu iyakwandishan ɗin ɗakin baƙi ya daina sanyi, gabana ya faɗi. Yaya ya ce in kwantar da hankalina. Ashe mai gidan hayar ya yi yarjejeniya da wani mai gyara: yana biyansa a shekara, shi kuma ya wanke na'urorin gidan bayan ƙurar hunturu da bayan damina, in wata ta samu matsala a kira shi.

Da hantsi sai ga shi a babur, shi da yaronsa. Banufe ne, Hausa kuwa a bakinsa tas. Da farko bai taɓa tukunyar gas ba. Ya hau tsani ya buɗe injin waje, ya ɗaura ma'auni, sannan ya sa yaron ya kaɗa sabulu a roba. Da soso ya riƙa shafa kumfa a kowace mahaɗar bututun jan ƙarfe, yana jira, ba gaggawa. A mahaɗa ta uku sai wani ɗan ƙwai na kumfa ya taso, ya fashe, wani ya biyo.

"Alhaji, zo ka gani," in ji shi. "Gas ɗin nan ba fetur ba ne da zai ƙare. Zagayawa yake yi a cikin bututu. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya ɗura maka bai toshe ba, ya san zai dawo ne."

Nan na gane abin da aka yi mini sau uku. Ya yanke bakin bututun, ya sake faɗaɗa shi, ya ɗaure, ya zuƙe iskar ciki da ɗan injinsa, sannan ya ɗura. Ya shawarci Yaya ya sa sitabilaiza, don ƙarancin wuta ne ke wahalar da kwamfuresa. Sai ya ciro wani littafi da ya sha hannu, kowane gida da shafinsa, ya rubuta kwanan wata da abin da ya yi.

Na tambaye shi ko yana ba da takardar garanti. Ya ce shekara bakwai ya yi a hannun ogansa a Bosso, kuma har yau duk wanda bai gamsu da aikinsa ba, can yake kai ƙara. "Ba zan so a kira sunana a gaban Oga ba."

Kwana uku bayan haka, ranar da zan taso, ya dawo ba tare da an kira shi ba. Ya yi sallama, ya shiga ɗakin, ya ɗora tafin hannunsa a bakin iskar na ɗan lokaci. Ya gyaɗa kai, ya ƙara layi ɗaya a littafinsa, ya yi mini fatan sauka lafiya, ya hau babur.