Yaron da Ba Shi da Ƙofar da Za a Ƙwanƙwasa

Kusan duk wani shirin kiwon lafiya da ke isa ga talaka a Azare ta ƙofar gida yake shiga. Masu rabon gidan sauro sai sun yi sallama da maigida, sun ƙirga iyalinsa, sun ba shi kati, sannan ya je ya karɓa. Masu rigakafi gida-gida suke bi, in sun gama su sa alama da alli a jikin bango. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina a hannun uwa ake danƙa shi, kuma na yaran da ba su kai shekara biyar ba ne. Rajistar marasa galihu ma da sunan magidanci ake buɗe ta. Tsari ne mai ma'ana ga wanda yake da gida. Amma yaron da ke kwana a zauren malam, ko a rumfar kasuwa bayan an watse, ko a kan benci a tasha, ba shi da bangon da za a sa wa alli. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a cire shi, tsarin ne aka gina shi yadda ba zai gan shi ba, kuma a ganina wannan ne tushen matsalar lafiyar waɗannan yara, kafin ma a zo maganar kuɗi ko ta magani.

Su ma ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su da ake yi a kira su "almajirai" yana ɓoye abubuwa da yawa. Akwai kolo ɗan shekara bakwai da mahaifinsa ya kawo daga ƙauye da allo da kwano, akwai gardin da ya girma a tsangaya yana tura baro ko wankin hula, akwai saurayin da ya zo cirani bai samu abin yi ba yana jin kunyar komawa hannu wofi, akwai wanda shaye-shaye ya raba da danginsa, da mai taɓin hankalin da ke kwana a bakin hanya, da yarinyar da aurenta ya mutu ba ta da wurin komawa. Azare kuwa gari ne da ke tara irin waɗannan mutane. Tun da aka dawo da fadar masarautar Katagum daga garin Katagum a 1916, nan ne cibiyar yankin, ga shi a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, Jigawa ta wannan gefe, Yobe ta wancan. Duk shekarar da ambaliya ta ci gonaki a Zaki da Gamawa, kamar yadda ta yi a 2022, nauyin ciyar da 'ya'ya yana ƙaruwa a ƙauyuka, kuma garin da ke da kasuwa da tasha ne yake karɓar waɗanda gida ya kasa riƙewa.

Wanda yake son ya san halin lafiyarsu ba ya bukatar rahoto, ya dubi hannun yaron da ke miƙo masa kwano. Tsakanin yatsunsa ƙazwa ce ta yi ruwa saboda susa, a kansa makero ya cinye gashi wuri-wuri, dugadugansa sun tsage da hunturu har suna jini. Tuwon da ke cikin kwanon daga gida uku aka haɗo shi, wani na daren jiya ne, miyar ta fara tsami, kuma da wannan hannun zai ci ba tare da ya ga sabulu ba. Idan da damina ne a kududdufi yake wanka da wanki, daga nan tsargiya ke kama shi, ya riƙa fitsarin jini yana ɗauka alamar girma ce domin haka ya ji manyansa na cewa. Waɗannan ba sa kisa nan take, suna cin jiki ne a hankali, su rage jini, su bar yaro ba shi da ƙarfin da zai tari babbar cuta in ta zo.

Manyan cututtukan kuwa suna zuwa, kuma mun gan su. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da dubu ɗari a Najeriya, Bauchi ce a kan gaba wajen yawan waɗanda suka kamu. Mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya yi tsanani a 2023, Kano da Yobe da Bauchi na cikin jihohin da ya fi yi wa ɓarna, kuma akasarin waɗanda ya kama yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar da ba a yi wa cikakken rigakafi ba. A watan Maris na 2024, sanƙarau ya sa aka fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar a Jigawa da Bauchi da Yobe, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi hakan. Mashaƙo da sanƙarau ta numfashi suke yaɗuwa, inda mutane suka cunkushe a ɗaki marar iska. A ƙasar nan babu ɗakin da ya kai zauren da yara talatin ke kwana kai da ƙafa cika wannan sharaɗi, musamman da sanyi lokacin da ake toshe kowace kafa. Rigakafin yau da kullum kuma na jarirai ne, don haka yaron da ya tsallake shi a ƙauye ya zo birni yana da shekara takwas ya wuce layin, sai dai in annoba ta ɓarke aka fito gangami.

Za a ce ai Azare ba ta rasa asibiti ba. Gaskiya ne, akwai babban asibitin gwamnatin tarayya, akwai asibitocin jiha da na unguwanni, kuma tun 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a garin. Sai dai asibiti a ƙasarmu, ko'ina yake, da zaton akwai mai jinya yake aiki: wanda zai yanki kati, ya bi layin gwaji, ya sayo magani, ya nemo jini, ya sa hannu in za a yi tiyata, ya kwana a gefen gado. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da wanda ke bukatar taimakon gaggawa, amma doka ba ta ɗaukar yaro daga tabarma ta kai shi asibiti. Abin da ke faruwa shi ne ɗan'uwansa almajiri ya je kyamis da ɗan canjin da suka haɗa, a yanko masa ƙwaya biyu, zazzaɓin ya lafa ya dawo. Malam kuwa, mai almajirai hamsin da gona ɗaya, sau da yawa ba ya sanin abin ya yi tsanani sai yaro ya kasa tashi karatun asuba.

Abin da nake ganin ya kamata bai fi ƙarfinmu ba: a ɗauki kowace tsangaya a matsayin gida a idon hukumar lafiya. Mai unguwa ya san kowane malami da ke unguwarsa. A rubuta sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar mahaifinsa, a haɗa makarantar da asibitin matakin farko mafi kusa, ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙawa ko sau ɗaya a wata da maganin ƙazwa da na tsutsar ciki da allurar da yaro ya rasa, gidan sauro kuma a ba su da lissafin shimfiɗa. Malam ko babban gardi ya zama wakilin da asibiti ya sani. Hanyar biyan kuɗin tana nan a rubuce: dokar 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman ga marasa galihu, jihar Bauchi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. In yaron da ba ya da uwa a kusa bai cancanci wannan asusu ba, ban san wanda ya cancanta ba.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan shawara ita ce tana ɗaure wa bara gindi: in uba ya ji gwamnati za ta yi wa ɗansa magani a birni, sai ya ƙara turo ƙanensa. Masu wannan magana ba mugaye ba ne, da yawansu ciwon abin ne ya sa suke cewa a mayar da kowane yaro gaban iyayensa, kuma ni ma na yarda cewa ɗan shekara shida wurinsa gaban uwarsa ne. Amma an gwada wannan a gabanmu. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci suna mayarwa jihohinsu, wasu ma aka same su ɗauke da cutar bayan an sauke su. A watan Mayun shekarar aka rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana goma saboda cutar. Da aka buɗe hanyoyi zauruka suka sake cika, domin talaucin da ya fito da yaran da imanin iyayensu game da karatun allo suna nan inda aka bar su. Makarantun tsangaya na zamani fiye da 150 da aka gina tun daga 2012 ba su kawo ƙarshen abin ba, kuma hukumar almajirai da aka kafa da doka a 2023 tana da doguwar tafiya a gabanta. Gyaran tsarin zai ɗauki shekaru, mashaƙo kuwa kwanaki yake ɗauka. Rajistar ma ita ce hanya ɗaya tilo ta kama uban da ya yi watsi da ɗansa, domin ba a tuhumar mutumin da ba a san sunansa ba.

Wasu za su ce malamai ba za su yarda ba. An faɗi haka a kan shan inna, sai da aka sa sarakuna a gaba tun daga 2009, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, har aka wayi gari a watan Agustan 2020 an tabbatar cutar ta asali ta kau daga Najeriya. Malamin da ake zuwa wurinsa da girmamawa, da magani a hannu, ba da barazanar rufe makaranta ba, yana da dalilin buɗe ƙofa fiye da kowa, shi ne ke binne yaron in ya mutu, shi ne zai fuskanci uban.

Mafi wuya su ne waɗanda ko malamin ba su da shi, samarin da ke kwana a tasha da kango, masu shaƙar sholisho da haɗiyar tiramol. A kansu tausayin jama'a yake ƙarewa, a ce su suka jawo wa kansu. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma abin da ya kai wannan yawa ya wuce a ce lalacewar ɗaiɗaikun yara ce. Yaron da ya fara shaƙa yana da shekara goma sha biyu don ya danne yunwa da sanyi da tsoron manyan da ke lalata da shi da dare, marar lafiya ne kafin ya zama mai laifi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta ba shi haƙƙin magani ba mari da sasari ba. Su ma suna da inda ake samunsu da waɗanda suke jin maganarsu: shugabannin direbobi a tasha, sarkin kasuwa, masu shayi da ke ba su bashi. Garin da ke horar da ɗaliban likita da na jinya yana iya fitar da su da yamma ƙarƙashin malamansu, sau ɗaya a mako, zuwa tasha da bakin kasuwa, su wanke gyambo, su gwada masu tari, su tura wanda ke bukatar gado, a kuma ware ma'aikacin jin daɗin jama'a guda a asibiti wanda aikinsa shi ne ya tsaya a matsayin mai jinya ga duk wanda aka kawo ba shi da kowa.