Ka riƙe shi, amma ka sakar masa wuya

Kai da ke shiga motar haya kullum, wata rana za ka iya gamuwa da abin da na gani a bas daga Mararaba zuwa cikin Abuja. Wani saurayi ya tashi yana zage-zage, yana neman dukan wata mata. Maza biyu suka danne shi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ɗayansu ya shaƙe masa wuya, har yaron ya daina motsi bai sake shi ba. Sai da na yi ta ihu, “Malam, numfashinsa!” sannan ya sassauta.

Nan take na tuna Jordan Neely, wanda Daniel Penny ya shaƙe na kusan minti shida cikin jirgin ƙasa a Niyok ta Amurka a 2023, ya mutu. Kotu ta wanke Penny a 2024, amma wannan bai dawo da rai ba.

Matse wuya yana tare jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙu mutum ya suma. Da zarar ya daina kokawa, ba kanka kake karewa ba kuma. Ka riƙe hannuwansa, ka sa direba ya tsaya, a miƙa shi ga ’yan sanda.