Malafar Kaboyi a Ƙasar Mahaya

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Damagaram tsakanin 1960 da 1980 ya san yadda finafinan kaboyi suka mamaye zukatan samari. Yara kan sassaƙa bindigar icce su rataya a ƙugu, manya kuma su yi ta gardama a kan wanda ya fi saurin zaro bindiga, Gary Cooper ko John Wayne. Amma akwai wani tsohon malamin makaranta a unguwar Zango wanda in aka tambaye shi gwaninsa a cikin waɗannan finafinai, ba ya ambaton ko ɗaya daga na Amurka. Nasa shi ne Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya, wanda Moustapha Alassane ya shirya a Nijar a 1966.

Fim ɗin gajere ne, bai wuce rabin awa da kaɗan ba. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da tsarabar malafu da dogayen takalma da ɗamarar harsasai da bindigogi, ya rarraba wa abokansa. Suna sanya kayan sai suka yar da sunayen da aka raɗa musu. Djingarey Maïga ya fito a matsayin Black Cooper, Zalika Souley kuwa ta zama Reine Christine. Daga nan sai caca da shan giya da sata da raina dattawa, har wasa ya koma zubar da jini a tsakaninsu.

Abin da ya ɗaure malamin ga wannan fim shi ne doki. A ganinsa, Badamagare ba ya bukatar Ba'amurke ya koya masa hawa. Da dawaki masu lifidi da sulke daular ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, kuma har yau ranar hawan salla ƙofar fada a Birni takan cika da mahaya, ga algaita ga kakaki. Sai dai mahayin Damagaram yana da ubangida, yana da sahun da yake tsayawa, kuma in ya yi sukuwa, a gaban sarki yake jan linzami ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Kaboyi kuwa ba a san ubansa ba, ba a san garinsu ba. Ya shigo shi kaɗai, ya yanke hukunci da bakin bindiga, ya kama gabansa. Wannan hali ne Jimi ya ƙunso a akwatinsa tare da malafu, kuma shi ne ƙauyen ya kasa ɗauka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Alassane bai tsani finafinan kaboyi ba. Da ya tsane su, da bai iya kwaikwayon tafiyarsu da hararsu da irin wannan gwaninta ba. Ya so su, ya kuma ga ɓarnar da ke cikinsu, sai ya bar mai kallo ya yi dariya kafin ya gane cewa ɗan gidansu yake yi wa. Ya rasu a 2015, Zalika Souley ta bi shi a 2021, bayan ta sha tsangwama daga mutanen da suka kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu.

Malamin yakan ce labarin Jimi bai ƙare ba. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar wannan gari, ta fito da fim ɗinta mai suna Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu da ake kira fale. Ɗaya daga ciki ta raɗa wa kanta suna Hitler. Ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur sun maye gurbin doki da malafa, amma ciwon ɗaya ne: saurayin da garinsu bai ba shi sahun tsayawa ba, zai aro suna daga nesa don a ji tsoronsa. Bambancin kawai, samarin Alassane suna da ƙauyen da ke jiran su tuba su komo. Na Kara-Kara kuwa an haife su ne a unguwar da tun farko aka keɓe wa kutare, gari ya juya mata baya.

Don haka burinsa shi ne malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su riƙa nuna finafinan nan biyu a zama ɗaya, na 1966 da na 2021, sa'annan a bar ɗalibai su faɗi da bakinsu abin da ya sauya a shekaru 55 da ke tsakani.