Gidan Makama: Tsohon Gida, Sabon Aiki

Uwargida, in kin shiga Kano, ki kai yara Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. An gina shi tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa. Bayan zuwan Turawa a 1903 aka raba shi uku: gidan tarihi, makarantar firamare, da wurin zama.

Riƙon irin wannan gida sai da kula. Ginin ƙasa ne. In indararo ya toshe da damina, ruwa zai kwanta, azara ta ruɓe, rufi ya rufta kan jama'a. Don haka dole hukumar gidajen tarihi, masarauta, magina da maƙwabta su yi shawara kafin a taɓa bango. Wanda aka ware daga shawara, shi zai ga tsaga ya yi shiru.